Kofunan da Aka Rataye Baki Ƙasa

A gida Guntuwa ake ce mata. Yayanta ne ya laƙaba mata sunan tun tana rarrafe, sunan kuma ya bi ta har jami'a, domin ko da ta gama girma kanta bai wuce kafaɗar mahaifiyarta ba. A wurin aiki kuwa Injiniya ce. Ba ta cika shekara talatin a duniya ba, Allah ya jiƙanta. Ciwon da ya ɗauke ta bai daɗe ba, kuma ba shi ne labarin ba. Labarin na shekarar da ta gabaci wannan ne, lokacin da aka so sallamar wani tsoho daga aiki, ita kuma ta ce ba ta yarda ba.

Tun tana ƙarama ba ta karɓar "haka abin yake" a matsayin amsa. Ta taɓa kwance tocilan ɗin Abbanta, ta fasa batirin da dutse don ta ga inda wutar take kwana. Ta tarar da baƙin gari da wani siririn sanda, ta sha faɗa, ta yini tana fushi, ba don faɗan ba, sai don ba ta ga wutar ba. Ba mai yawan magana ba ce. In abu ya dame ta sai ta riƙa cizon gefen babban yatsanta, in ya warware ta tashi ta nemi abinci kamar wadda ta dawo daga noma. Ta karanta ilimin sinadarai, ta fi karkata ga inda wutar lantarki ke haɗuwa da ruwan sinadari, daga nan ta sami aiki a wata ƙaramar masana'anta da ke bayan tashar manyan motoci, inda ake yi wa ƙarfe rufin tutiya, farin ƙarfen nan da ke hana tsatsa.

Wurin dogon zaure ne mai rufin kwano, tankuna a jere daga ƙofa har ƙurya, ga wani wari mai kama maƙogwaro wanda fankokin bango ba su taɓa iya korarsa ba. Aikin yana farawa ne daga teburin Baba Mai Ƙugiya, tsohon da ke rataya kayan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya a jikin maratayi. In maratayi ya cika sai Dogo, wani ƙaton magidanci mai yawan ba'a, ya ɗaga shi ya bi da shi tanki-tanki: na wanki, na asid, sannan na tutiya, inda ake kunna wuta tutiyar ta bar ruwa ta kwanta a jikin ƙarfen. Ita kuma Guntuwa tana da ɗan ɗaki mai tagar gilashi a gefe, da kwamfuta, da wani akwatin katako da take takawa in za ta leƙa tanki.

A kwamfutar akwai manhajar da ke kwaikwayon abin da ke faruwa a cikin ruwan. A zana mata tanki, a zana kayan da yadda za a rataye su, a gaya mata ƙarfin wuta, ita kuma ta nuna da launi inda rufin zai yi kauri da inda zai yi siriri: ja kauri, shuɗi siriri. Da ita ake fitar da zanen ratayar kowane kaya, a manna wa Baba a bango.

Matsalar ta zo a cikin buhu. Akwai wasu murafai na injin famfon ruwa da suke yi wa rufi, girmansu da siffarsu kamar kofin shayi, shi ya sa kowa ke ce musu kofuna. Kowanne yana da ɗan rami a gefe kusa da gindi, inda ake ɗaura noti. Mai kayan ya dawo da buhu guda, ya zazzage a gaban Manaja. Daga waje fari tas. A ciki kuwa, can gindi, tsatsa ta ci wani yanki mai kama da jinjirin wata.

Manaja ba mugun mutum ba ne, sai dai mutum ne mai tsoron ƙarar wayarsa. Ya kira Guntuwa ofis bayan mai kayan ya tafi.

"Injiniya, ruwan tanki kin auna?"

"Na auna, Yallaɓai. Lafiya lau yake."

"Wuta fa?"

"Ita ma."

"Na'urarki ta ce rufin zai kai har gindi?"

"Haka ta ce."

"To me ya rage? Hannu ya rage. Na tsaya na kalli Baba ranar nan, ƙugiya ɗaya sai da ya yi mata sallama sau uku kafin ta shiga. Ko yana taɓa cikin da yatsa mai maiƙo, ko ba ya matse su yadda wuta za ta ratsa. Tsufa ba laifi ba ne, amma ni ma ina da masu tambayata. Ƙarshen wata zan sallame shi, in kawo mai jini a jika."

"Ba a tabbatar shi ne ba."

"Ba a tabbatar ba shi ba ne."

Ta ɗauki kofi ɗaya daga cikin waɗanda aka zazzage tana kallonsa. Ta san Baba yana wannan teburin tun kafin a haife ta. Ta san kuma jikoki yake riƙo, waɗanda ɗansa ya rasu ya bari, kuma babu masana'antar da za ta ɗauki mai furfura da hannu mai rawa.

"A ba ni zuwa ƙarshen watan," ta ce.

"Watan ai ba nawa ba ne. Ki yi abin da za ki yi da shi."

Tana da abu ɗaya da take dogaro da shi. Masu manhajar sun fitar da sabon zubi, ta daɗe tana ɗage sa shi don kada ya rikita mata ayyukan da ke hannu. A cikin sababbin abubuwan da aka ƙara akwai wanda ya tsaya mata a rai. Duk lokacin da wuta ke ratsa ruwan, ƙananan ƙwayoyin iska suna tsirowa a jikin ƙarfe kamar na ruwan da ya kusa tafasa. Tsohuwar manhajar ba ta san da su ba, a wurinta ruwa ruwa ne kawai. Sabuwar kuwa tana lissafa inda suke tsirowa, da inda suke bi, da inda suke maƙalewa. Inda iska ta zauna ruwa ba ya taɓa ƙarfe, inda ruwa bai taɓa ba tutiya ba ta kwanciya. In ta nuna cewa iska ce ke hana rufin, to ba hannun kowa ba ne, laifin zane ne, kuma zane ana gyara shi.

Sabon zubin bai karɓe ta hannu bibbiyu ba. Maɓallan da ta saba sun koma wasu wurare, ga sababbin tambayoyi da sai ta koma littattafan makaranta kafin ta amsa. Kwamfutar ofis kuma tsohuwa ce, in aka ɗora mata lissafin sai ta ɗauki zafi tana huci, ta yi rabin yini sannan ta tsaya cak ta ce an sami kuskure. Guntuwa ta ɗora ta a kan bulo biyu, ta juyo mata da fankar da ita kanta take sha, ta zauna cikin gumi.

Dogo ya leƙo ta taga. "Injiniya, mara lafiyar taki ta farfaɗo, ko a kira ƴan uwanta?"

"Ka je ka ɗaga abin da aka ɗauke ka ka ɗaga."

"Ni dai na ce, in ta cika a ba ni fankar."

Sai da mako ya juya sannan lissafin ya kai ƙarshe ba tare da ya faɗi ba. Ta matso da kujera. A kan allo ga kofi a rataye yadda zane ya ce, an kama shi ta leɓe, bakinsa yana kallon sama a karkace. Ƙwayoyin iska suka tsiro a gindi, suka bi bango suka hau, suka fice ta baki salin alin. Cikin kofin ja ne har gindi. Sabuwar manhajar ta maimaita abin da tsohuwar ta faɗa: zanen ba shi da aibi.

Ta ciji yatsa har ya yi ja. Sannan ta jawo buhun, ta jera kofunan a ƙasa baki sama, ta durƙusa tana bin su da ido. Can ta lura da abin da ya kamata ta gani tun ranar farko. Tsatsar ba ta zaɓi wuri da ka ba, a kowane kofi tana gefen da ramin noti yake.

Kullum tana ganin maratayi yana wucewa ta gaban tagarta, amma gani daga nesa ne, na wanda ya riga ya san abin da zai gani. Ta ɗauki akwatinta ta je ta ajiye a gefen teburin Baba, ta hau.

"Yau kuma an zo duba mu ne?" ya ce, bai ɗago ba.

"Kallo kawai na zo, Baba."

Ya ɗauki kofi, ya zura ƙugiya ta cikin ramin notin, ya sake shi. Kofin ya yi lilo ya tsaya, gindi sama, baki yana kallon ƙasa a karkace. Ya ɗauki na gaba. Zanen yana nan a bango saitin kansa, ya yi ruwan ƙasa don tsufa, yana nuna akasin abin da hannunsa ke yi.

Ta sauka daga akwatin. Ta koma ɗakinta ta juya kofin a cikin manhajar yadda ta gani, ta toshe ramin da ƙugiya, ta sake kunna lissafin. Da yamma ya fito. Iskar ta tsiro, ta hau, ba ta sami hanya ba, ta taru a can saman gindin a gefen ramin da ƙugiya ta cike. Wurin ya yi shuɗi, shuɗin kuma jinjirin wata ne sak. Ta ɗora kofi mai tsatsa a jikin allon, kamar an kwafa.

Ta nemi abin da zai wanke tsohon, ta samo abin da zai kama shi.

Washegari lokacin hutun rana ta same shi a bayan zauren, a inuwar tankin ruwa, yana wanke hannu. Dogo na zaune a kan wata tsohuwar taya.

"Baba, me ya sa kake rataye kofuna baki ƙasa?"

Ya gama wanke hannunsa tukuna, ya yarfe. "Dogo, naɗe hannun rigarka."

"Haba Baba."

"Naɗe, na ce."

Dogo ya naɗe. Daga inda safar hannu ta roba ke ƙarewa zuwa gwiwar hannu, fatar duk tabo ne, wasu sun yi fari, wasu sun yi baƙi sun tattare.

"In aka rataye su yadda takardarku ta ce," in ji Baba, "kowane kofi yana fitowa daga tanki da guzurinsa. Maratayi ɗaya kofi nawa ne? Shi kuma sai ya ɗaga sama da kansa kafin ya tsallake bakin tanki. Duk abin da suka ɗebo a hannunsa yake sauka, ya gangara cikin safa. Na ga yana ɓoye hannu yana cin abinci kamar ɓarawo. Sai na juya su. Tun daga ranar ko ɗigo."

"Me ya hana ku faɗa?"

Dogo ya sauke hannun rigar. Ba'ar ta bar muryarsa. "In na ce asid na ƙona ni, cewa za a yi ban iya ɗagawa ba. Akwai masu jiran wurin a bakin ƙofa, Injiniya."

"Kuma ina dubawa," Baba ya ƙara. "Kowane maratayi sai na leƙa cikinsu a haske. Fari tas."

"Fari ne, Baba, amma a wurin nan bai kai kaurin fatar albasa ba. Ido ba ya gani. Iska ce ke taruwa a gindin, ƙugiyarka ta toshe mata hanya. Damina ɗaya ta ishe shi."

Ya dube ta sosai. Ta ga yana neman inda zai musa, ta kuma ga bai samu ba, domin shi ma ya san ƙwayoyin iskar nan, shekara da shekaru yana ganinsu suna fashewa a saman ruwa.

"Ashe ni ne," ya ce.

"Juyin ne."

"Juyin ai ba shi ya juya kansa ba, ƴata. Za ki gaya masa?"

"Zan gaya masa."

"To," ya ce. Ya ɗauki hularsa daga kan famfo ya koma ciki.

Ranar ta koma gida da kofi ɗaya a jaka. Ta ci abinci kaɗan, ta ɗauko bokitin wankin Ummanta ta cika shi da ruwa a tsakar gida, ta tsuguna. Yayanta ya zo gaishe da iyayensu, ya ji labarin a tsaitsaye.

"Ke dai kina son wahala," ya ce. "Ki je ki raɗa wa tsohon ya koma rataya yadda aka ce. Shi kuma Manaja ki ce masa na'ura ta gano wani abu can, kin gyara. Wa zai bincika? Ke kaɗai kika iya karanta abin."

"Sai hannun Dogo ya ci gaba da ƙonewa."

"A saya masa doguwar safa."

"An taɓa gwadawa, ba ya iya riƙe maratayi da ita. Kuma Yaya, in na yi wa na'urar ƙarya sau ɗaya, gobe in ta faɗi gaskiya da wane baki zan ce a yarda?"

"Guntuwa sarkin taurin kai. Umma, ki yi mata magana."

"Ni abin da zan ce, kada a sa mini tsatsa a bokiti," in ji Umma daga ƙofar kicin. Amma ba ta koma ciki ba, ta tsaya tana kallo. Abba yana kan kujerarsa da jarida, bai juya shafi ba tun da aka fara.

Guntuwa ta toshe ramin notin da yatsa, ta kifa kofin a ruwa a karkace, ta danna shi ƙasa. Ta ji iskar da ke ciki tana turo hannunta. Ta ɗage yatsan. Ƙwayoyi suka fito ta ramin a jere, ɓul-ɓul-ɓul, har suka ƙare. Ta ɗago kofin, ruwan ya zube ta baki tun kafin ya bar bokitin. Ta sake yi. Ta sake.

"Akwai sauran abinci?" ta ce.

Abin da ta gani a bokiti mai sauƙi ne: a bar kofin baki ƙasa yadda Baba ya juya shi, amma a kama shi ta leɓe, a bar ramin a buɗe a sama ya zama hanyar iska. Sai dai bokiti ba tanki ba ne. A bokiti iskar sau ɗaya take fita, a tanki kuwa tsirowa take yi ba tsayawa muddin wuta na kunne. Ko ɗan ramin zai iya da ita, wannan sai lissafi.

Lissafin farko ya ce ba zai iya ba. Shuɗin ya ragu amma bai tafi ba. Ta ƙara karkata kofin, ta sake. Ta rage karkatar, ta sake. Kowane gwaji yana cin rabin yini, wata kuma yana ta guduwa. Ta fara zuwa kafin mai gadi ya gama shara don ta kunna ɗaya, ta kunna wani da rana. A ƙarshe ta gane abin da take ta kauce wa: sai an rage ƙarfin wuta, iskar ta riƙa tsirowa a hankali daidai yadda ramin zai iya fitarwa. Da ta rage, gindin ya yi ja. Amma rage wuta yana nufin kowane maratayi zai ƙara daɗewa a tanki, abin da ake gamawa a yini zai ragu. Ta san fuskar da Manaja zai yi.

Saura ƙugiyar. Ta zana wata mai baki biyu da za ta cije leɓen kofi, ta kai wa Baba da waya da filaya. Tun ranar da suka yi magana bai ƙara yi mata wasa ba, gaisuwa kawai.

"Wanda za a kora ne zai lanƙwasa muku ƙugiya?"

"Ba a kore ka ba tukuna. Kuma babu wanda ya iya sai kai."

"Daɗin baki."

"Na gwada da kaina, Baba. Ga ta."

Ya karɓi abin da ta lanƙwasa, ya juya shi. "Wannan ko kifi ba zai yarda da ita ba." Ya jawo filayar.

Hannunsa yana rawa, gaskiyar Manaja ce. Ya ɓata ta farko, ya ɓata ta biyu, waya ta karce masa yatsa. Ta tsaya a gefe ba ta miƙa hannu ba, ba ta kuma kau da kai ba. Wadda ta biyo baya ta cije leɓen kofin gam, ramin yana sama a buɗe. Ya girgiza ta, ba ta saki ba. Daga nan hannun ya gane hanya, zuwa la'asar ya cika maratayi guda.

Ta shiga ofishin Manaja da Baba da Dogo a bayanta, da kwamfutar a rungume. Ta fara da abin da ya fi wuya.

"Yallaɓai, na gano. Baba ya juya kofunan, ba yadda zane ya ce yake rataye su ba. Shi ya jawo tsatsar."

Manaja ya jingina da kujera. "To ai kin gama mini aikin. Na gode. Baba, ka ji da kunnenka."

"Na ji, ranka ya daɗe."

"Ban gama ba, Yallaɓai. Dogo."

Wannan karon Dogo bai yi gardama ba, ya naɗe hannuwan rigarsa duka biyun. Manaja ya kalli tabon.

Ta juyo masa da allon ta nuna hoto uku. Na farko ratayar zane: rufi lafiya, amma kowane kofi yana ɗebo asid ya juye wa mai ɗagawa. Na biyu ratayar Baba: hannu lafiya, gindi shuɗi. Na uku sabuwar ƙugiya: gindi ja, kofi yana fitowa ba ruwa, amma lokaci ya ƙaru.

"Ya ƙaru da nawa?"

Ta faɗa masa. Ya dafe goshi.

"Kin san abin da kike cewa? In rage abin da nake fitarwa a yini saboda mutumin da ya ga zane a bango ya yi gaban kansa?"

"Ko ka sallame shi, Yallaɓai, zaɓin ukun nan ne dai a gabanka. Wanda za ka kawo zai bi zane, ya ƙone Dogo, in Dogo ya gaji ya tafi ya ƙone na bayansa. Zanen daga ɗakina ya fito. Manhajar da ta yi shi ba ta san iska ba, ba ta san hannun mutum ba, ni kuma da na sani ban sauko na duba ba. Baba ya ga rabin matsalar ya gyara rabi. Ya yi kuskure da bai faɗa ba. Amma ni ina son mai rataya wanda ke ganin rabin nan."

"Wannan duk hoto ne," in ji Manaja. "Hoton ne ma ya ce mana komai lafiya bara."

"Shi ya sa ban ce ka yarda da shi ba. A yi maratayi ɗaya a sa a akwatin gishiri."

Akwatin gishiri wani ɗan kabad ne a ƙuryar zauren da ke fesa wa ƙarfe hazon ruwan gishiri dare da rana, abin da damina za ta yi a shekara ya yi shi a ƴan kwanaki. Wayar Manaja ta yi ƙara, ya kife ta.

"A sa. In na ga tsatsa a ciki, ko ta kai ƙwayar gero, magana ta ƙare. Kada ki sake shigo mini da kwamfuta."

Aka yi maratayin, aka sa kofuna a akwatin, tare da wasu na tsohuwar ratayar Baba don a kwatanta. Kwanakin jiran ba ta yi maganarsu a gida ba. Ummanta ce kawai ta lura ta naɗe babban yatsanta da filasta.

Ranar buɗewa ana saura kaɗan wata ya ƙare. Dogo ya yanka kowane kofi gida biyu da zarto don a ga cikinsu da kyau, ya jera a teburin Baba. Na tsohuwar ratayar duk sun fito da jan jinjirin watansu. Manaja ya ɗauki na sabuwar ɗaya bayan ɗaya, ya kai bakin ƙofa inda haske yake, yana murza gindin da yatsa. Toka-toka ne, babu ja. Ya kai na kusa da ƙarshe ya tsaya.

"Wannan fa?"

A leɓen kofin, daga waje, akwai ɗigon ja kamar kan allura.

Guntuwa ta karɓa ta duba. "Inda ƙugiya ta cije ne, Yallaɓai. Ta matse da yawa, ruwa bai shiga ƙarƙashinta ba. A ciki ka ce, wannan a waje yake. Amma tsatsa ce, ba zan ce maka ba ita ba ce."

"Ƙugiyar farko da ta cije ce," in ji Baba. "Na san ta. Bakinta ya yi faɗi. In aka fere shi ya yi tsini ba za ta bar wannan ba."

Manaja ya juya rabin kofin a hannunsa, ya sake juyawa. Ya kalli ɗigon, ya kalli gindin, ya kalli hannun Dogo da ke riƙe da zarto.

"Ka fere su duka," ya ce. "Kuma ka saurare ni, Baba. Daga yau ko ƙusa za ka juya, sai ka je ɗakin can ka faɗa. Ka sake yin gaban kanka, ko da gaskiyarka, ba sai an kai ƙarshen wata ba. Kai kuma," ya nuna Dogo, "ka je a duba hannun nan yau, ka kawo mini takardar asibiti." Ya ajiye ƙarfen ya nufi ofis. A bakin ƙofa ya waiwayo. "Injiniya, ki san yadda za ki dawo mini da lokacina."

"Zan gwada, Yallaɓai. Ban yi alkawari ba."

Baba bai yi mata godiya ba, ita ma ba ta jira ba. Ya jawo magagari ya zauna yana fere ƙugiyoyi yana gunaguni, wai da tsufansa an mayar da shi ɗan makaranta mai neman izini.

A makon da ya biyo baya aka kawo sabon kaya, wasu gwiwoyin bututu masu lanƙwasa. Tana zaune tana zana su sai ta ji an ƙwanƙwasa gilashin tagar. Baba ne, da guda ɗaya a hannu. Bai taɓa shiga ɗakin ba, ya tsaya a bakin ƙofa yana goge takalmin robarsa a ƙasa.

"An ce in riƙa faɗa," ya ce. "To ga shi ina faɗa. Wannan ma zai ɗebo ruwa, ta nan. Tambayi abar taki, in an kwantar da shi haka, ina iskar za ta bi?"

Ta kwashe littattafan da ke kan ɗaya kujerar ta tura masa.

"Zauna, Baba. Ba ta da sauri, sai mun jira ta."